DAGA RIKKOS ZUWA GARIN YAKUBU: INDA DOKI YA TSAYA

Unguwar Rikkos tana ɓangaren gabas na birnin Jos, a kan tudun da ya gangara zuwa kogin Dilimi. Wanda ya tsaya a nan da sassafe ya dubi gabas zai hangi duwatsun Shere sun tokare sama, mafi tsawonsu ya haura mita 1,800 daga gaɓar teku, shi kuwa birnin yana zaune a kan wajen mita 1,200. Sunan unguwar ba Hausa ba ne, amma Hausa ce harshen kasuwarta da na tasharta. Dilimi da rani ƙaramin rafi ne da yaro zai iya tsallakewa, ko da yake a watan Yuli na 2012 ya yi ambaliya cikin dare ya ci gidaje da rayuka a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo. Daga nan yake gangarawa ya shiga Jihar Bauchi, inda ake kiransa Bunga, can gaba a kira shi Jama'are, har ruwansa ya haɗu da na kogin Yobe ya nufi tafkin Chadi.

Tun daga rikicin watan Satumba na 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, ba gardamar da ta fi zafi a majalisun Jos irin ta wa ke da garin. Rikkos ta ga wannan gardama da idonta, domin unguwar da a dā ake zaune a cakuɗe yanzu kowa ya san layin da ya fi masa kwanciyar rai. Duk sa'ad da magana ta yi nisa kuwa, sai an kai ga sunan mutum ɗaya, watau Sarkin Bauchi Yakubu na farko. Wani ya ce Yakubu ya ci ƙasar nan da yaƙi tun kafin Turawa su san hanyarta. Wani ya ce faufau, dokin jihadi bai taɓa shan ruwa a kan dutsen nan ba. Yawancin masu ambaton sunan nasa ba su san ko ɗan wace ƙabila ne ba. Abin da ya sa ke nan na bi hanyar da ta haɗa Rikkos da garinsa, don mai karatu ya ga ƙasar da ake magana a kanta.

Daga Rikkos zuwa tashar motar Bauchi tafiyar 'yan mintoci ce. Tsakanin Jos da Bauchi akwai wajen kilomita 130, watau mil 80 a lissafin dā. Mota na wuce Jami'ar Jos sai ga Naraguta, ƙauyen da ya yi suna wajen aikin fata, za mu kuwa komo kansa a gaba. Daga Babale an kusa fita Jihar Filato, sai Tilden Fulani. Tun daga nan matafiyi zai ji kunnensa yana toshewa yana buɗewa, sanyi yana raguwa, wanda ya fito da rigar sanyi ya fara neman tuɓe ta. Kafin a isa Bauchi an sauko wajen mita 600. Wannan gangara rabin labarin ce, gama abin da mota ke saukowa cikin awa biyu, shi mahayin doki daga Bauchi yake hawa kwana da kwanaki, yana ja da dokin da ya saba da fili.

Bayan an wuce Magama Gumau, wajen mil 31 daga Jos, hanya tana ratsa tsakanin duwatsun Panshanu. A gindin wannan mashiga akwai wani tsibin duwatsu da hannu ya tara, ana ce masa Kwandon Kaya. Yana cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa waɗanda hukumar gidajen tarihi ke kula da su, ruwayar baka kuma tana danganta shi da yaƙe-yaƙen Yakubu a wannan yanki. Direbobi ba sa tsayawa, fasinjoji ma barci suke yi. Amma wurin ya isa a tsaya, domin wanda ya dubi yadda duwatsu suka matse hanya zai gane cewa mutum ɗari masu baka da kibiya za su iya tare rundunar da ta ninka su sau goma.

Tara duwatsu don tunawa da yaƙi al'ada ce da ake samu a wurare masu nisa. A ƙasar Sukotilan, can arewacin Ingila, mutanen kan duwatsu suna da ruwayar cewa kafin a fita yaƙi kowane mayaƙi yakan ajiye dutse ɗaya, wanda ya komo da rai ya ɗauke nasa, abin da ya rage shi ne lissafin waɗanda suka kwanta dama. Na kawo Sukotilan ne saboda tarihinta ya yi kama da abin da muke magana. A 1297 William Wallace ya karya rundunar Ingila a gadar Stirling, inda ƙuncin gada ya hana mahaya dawaki amfani da yawansu. A 1314 Robert Bruce ya sake karya su a Bannockburn da 'yan ƙasa masu dogayen māsu, a wurin da rafi da taɓo suka ɗaure ƙafar doki. A duka biyun yanayin ƙasa ne ya tsaya wa marasa yawa.

To, wane ne Yakubu? Bagere ne, watau ɗan ƙabilar Gerawa, mazauna ƙasar da birnin Bauchi yake a yau. Sunan mahaifinsa Dadi. Ruwayar Bauchi ta ce mahaifin ya ba da shi ga wani malami Bafillace, Malam Isiyaku, don ya yi karatu, ta hannunsa kuma ya isa Ɗegel wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna shekaru yana ɗaukar ilmi. Da aka yi hijira a 1804 jihadi ya tashi, Yakubu yana cikin waɗanda aka ba tuta, kuma shi ake nunawa a matsayin wanda ba Bafillace ba cikin manyan masu tutocin. Wannan batu bai kamata ya wuce mai karatu ba. Mutumin da wasu a Jos ke ɗauka baƙo ne daga nesa, ɗan ƙasar duwatsu ne, harshen kakanninsa dangin harsunan wannan yanki ne, waɗanda ya fara yaƙa kuwa maƙwabtansa ne da ya san hanyoyinsu.

Ana lissafa sarautarsa daga 1805 zuwa 1845, shekara 40 ke nan. Ya fara zama a Inkil, sa'an nan a 1809 ya kafa birnin Bauchi a cikin wani fili da duwatsu suka kewaye. Ruwaya ta ce wani maharbi mai suna Baushe ne ya nuna masa wurin, daga sunansa aka sami sunan garin. Amma tun kafin wannan, Hausawa suna kiran ƙasashen da ke kudu da su “ƙasashen Bauchi”, can ne kuma ake zuwa neman bayi. Ya kewaye birnin da ganuwa mai tsawon wajen kilomita 10 da rabi. Sunansa ya rufe na garin har Turawan da suka ziyarce shi daga baya, irin su Vogel a 1855 da Rohlfs a 1867, suka rubuta shi Yakoba a taswirorinsu.

Idan aka bi inda mulkinsa ya kafu sosai, za a ga ya bi fili ne kamar yadda ruwa yake yi. Ta gabas ya yi ta ja-in-ja da Buba Yero na Gombe a kan iyaka. Ta kudu Madakinsa Hasan ya kafa Wase wajen 1820, a gindin dutsen nan mai kama da hasumiya, garin ya zauna ƙarƙashin Bauchi. Lafiya ma ta bi, ta riƙa kai gaisuwa. Wanda ya ɗauki taswira ya ja layi daga Bauchi zuwa Wase zuwa Lafiya zai ga layin ya zagaye tudun Jos ta gabas da kudu, kamar yadda rafi ke kewaye fā.

Ranar da ta ɗaukaka sunansa a daular Sakkwato kuwa a fili aka yi ta, nesa da duwatsu. A ƙarshen 1826 Shehun Barno Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu, ya taso da runduna mai yawa ya doshi Kano. Hankalin Sakkwato ya tashi ƙwarai, aka tura Waziri Gidado ya haɗa kan sarakunan gabas. Wani Bature matafiyi, Hugh Clapperton, mutumin Annan ta ƙasar Sukotilan, yana Sakkwato a lokacin. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya hana shi wucewa Barno, ya kuma riƙe kayan da ya zo da su don Shehu Laminu, tun da ana cikin yaƙi. A can Clapperton ya mutu a watan Afrilu na 1827.

Kafin mutuwar tasa labari ya riga ya iso cewa Yakubu ya tari rundunar Barno a Fake, a farkon 1827, ya kore ta. Labaran da marubuta suka tattara sun nuna cewa Barno ta fi yawan dawaki nesa ba kusa ba, 'yan bakan Bauchi ne suka juya yaƙin. Daga ranar nan Barno ba ta sake yunƙurin cin Kano ba. A shekarar ce kuma Yakubu da Sarkin Katagum Ɗan Kauwa suka ci Misau, wadda Bello ya ba Mamman Manga ɗan Gwani Muktar a 1831. Har yau ana yi wa Sarkin Bauchi laƙabi da Sarkin Yaƙin Sarkin Musulmi. Abin lura a nan shi ne Yakubu ya san darajar ɗan ƙasa mai baka fiye da yawancin sarakunan zamaninsa, da shi ya karya mahaya. Mutum irin wannan ba zai kasa gane abin da ke jiransa a kan dutse ba, inda shi ne mai doki, abokin gaba kuma shi ne mai baka.

Me ke kan dutsen? Akwai Birom da Anaguta da Afizere, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa, da Rukuba da Irigwe, can kudu kuma ga Angas da Sura, watau Mwaghavul, da Ron. Ba su da sarki ɗaya da za a kama a ce an ci ƙasa. Kowane gari da kansa yake, wanda ya ci wannan sai ya sake sabon yaƙi a na gaba. Garuruwan suna cikin duwatsu ko kuma a bayan shingen ƙerana mai kauri, da lunguna ƙunci waɗanda doki biyu ba sa jerawa a ciki, ruwan ƙerana kuwa in ya shiga ido ya gama da shi. Daɗin daɗawa su ma mahaya ne. Suna da ƙananan dawakai irin na kan dutse waɗanda suke hawa ba sirdi, su taru da sauri in an busa ƙaho, su watse cikin duwatsu kafin manyan dawakin Bauchi su juya. Ga sanyi, ga nisa da gida, ga wahalar abincin dawaki. Mai kai hari yana iya ƙone gari ya kama mutane ya sauka, amma zama ya yi mulki wani abu ne daban.

Saboda haka dangantakar Bauchi da mutanen dutse ta kasu iri-iri, ba ta tsaya a kan fuska ɗaya ba. Garuruwa da yawa na gindin dutse da bakinsa sun ɗauki amana, watau su riƙa kai abin da aka yanka musu, a bar su da sarakunansu da addininsu, a kuma daina kai musu hari. Wasu sun ɗauka shekara kaɗan suka yar. Wasu ba su taɓa ɗauka ba. Ana cikin haka fatake suna hawa suna sauka da gishiri da tufafi da dawaki. Kada kuma a ɓoye abin da ya fi ɗaci: bayi suna cikin abin da ake nema a hari, suna cikin abin da ake biya a amana, suna cikin abin da ake saye a kasuwa, wani lokaci ma daga hannun maƙwabcin wanda aka kama. Jikokin waɗanda aka kora daga fili suka hau dutse ba su manta ba, wanda kuwa ya ce su manta bai san zafin abin ba.

Bayan rasuwar Yakubu a 1845 ɗansa Ibrahim ya gaje shi, ya yi sarauta har 1877, shi ne kuma ya ɗanɗana wuyar riƙon abin da uban ya tara. A 'yan shekarun farko na mulkinsa wasu malamai daga ƙasar Kano, ƙarƙashin Malam Hamza, suka gudu zuwa duwatsun Ningi, suka haɗa kai da mutanen wurin suka kafa ikon da ya addabi Bauchi da Kano da Zazzau har zuwan Turawa. Ta ɓangaren Jos kuma, tarihin baka da masana suka tattara ya nuna cewa wajen 1873 Anaguta da Afizere da Birom da maƙwabtansu suka haɗu suka kore wata rundunar Bauchi a kusa da Naraguta. Daga Rikkos zuwa inda ake nuna an yi wannan karo bai wuce tafiyar ƙafa ta safiya ɗaya ba.

To, ta ina Bauchi ta shigo Jos? Ta hannun Turawa. A watan Fabrairu na 1902 sojan Ingila suka shiga Bauchi suka tuɓe Sarki Umaru. Jami'in siyasar da ya raka su sunansa William Wallace, takwaran jarumin nan na gadar Stirling, sai dai shi a wannan karon yana ɓangaren masu hawa dutse da ƙarfi ne. Ya daɗe yana neman asalin kuzar da yake gani a kasuwannin Binuwai, wadda maƙeran Liruwe ke narkawa su yi ta sanda-sanda sirara. A wannan tafiya ya sami samfurin kuza daga kogin Dilimi ya aika Ingila. Kafin shekara biyu Kanar Laws na kamfanin Neja ya kafa sansani a Naraguta. Su ma Turawa, da bindigarsu mai ruwa, sai da suka shekara da shekaru suna kai farmaki gari bayan gari kafin su mallaki kan dutsen.

Ma'adinai suna bukatar leburori, mutanen ƙasa kuwa da farko ba su ga dalilin barin gonakinsu su haƙa rami don kuɗi ba. Sai aka kwaso ma'aikata daga Kano da Zazzau da Bauchi da Barno, fatake da mahauta da malamai suka biyo su, daga kudu kuma akawuna da masu sana'a suka zo. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, aka shata garin Jos wajen 1915. Turawa sun sa yankin ƙarƙashin Lardin Bauchi, da ofishin Di'o a Naraguta, wakilan Sarkin Bauchi kuma suka riƙa shugabancin waɗannan sababbin mazauna. A 1926 aka yanke Lardin Filato aka raba shi da Bauchi. A 1947 aka naɗa Rwang Pam sarkin Birom, daga kujerarsa sarautar Gbong Gwom Jos ta samo asali. A 1991 gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, wadda Rikkos ke cikinta, a kan kujerarta ne kuma aka fi zub da jini.

A ganina duk ɓangarorin biyu suna ɗora wa Yakubu kayan da ba nasa ba. Bahaushen Rikkos da ke kafa hujja da takobin Yakubu ya bar hujjarsa mai ƙarfi ya kama mai rauni, domin abin da ya kafa kakansa a nan guminsa ne a ramin kuza da rumfarsa a kasuwa da kabarin iyayensa, shekara fiye da 100 ke nan. Wanda kuma ke kallon maƙwabcinsa mai sayar da nama a matsayin ragowar rundunar jihadi ya haɗa mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba. Haka nan cewa Bauchi ba ta taɓa taɓa kan dutse ba ya saɓa wa labarin amana da na hari da kakannin masu faɗar haka suka bari da bakinsu.

Daga Panshanu hanya tana miƙewa ta Nabordo, dutsen Zaranda ya bayyana shi kaɗai a fili, ƙasa ta buɗe, ga shanu ga gonakin dawa har iyakar gani. Wannan ita ce ƙasar doki, wanda ya gan ta bayan matsin Panshanu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Zafin Bauchi yakan tari mutumin Jos tun daga bakin gari.

Cikin birni zuriyar Yakubu ce ke sarauta har yanzu, Sarki Rilwanu Sulaimanu Adamu yana kan gadon tun 2010. Ganuwa kuwa yawancinta ta zube, gidaje sun hau kanta, sai wanda ya san inda take zai nuna maka tudun jar ƙasa a bayan wani shago ya ce ga ta nan. Ƙofofin ne suka rage, an sake gina su da siminti, motoci da babura suna ratsa su. Sunayensu sun fi gininsu tsufa, wasunsu kuma suna faɗin wuraren da birnin ya fuskanta a zamanin da aka gina shi. Ga Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Wambai, ga Ƙofar Inkil mai tuna sansaninsa na farko, ga Ƙofar Tirwun, ga Ƙofar Wase mai kallon garin Madaki Hasan. Babu wadda aka sa wa sunan Jos, domin sai da Yakubu ya shekara 70 a kabari sa'an nan aka shata garin.